Diu: garin Gujaratawa da yarjejeniyar 1535 ta raba da Gujarat

Bahaushen da aka sauke a gaɓar Nagoa, a tsibirin Diu da ke yammacin Indiya, zai iya rasa gane komai a wurin, tun daga harshen mutane har rubutun da ke jikin shaguna, amma akwai bishiya ɗaya da zai shaida nan take. Goruba ce, ko a ce ƙanwarta ta jini: kututture ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, ga 'ya'ya jajaye masu tauri da ake gwaguya. Mutanen wurin suna ce mata hoka, kuma abin da suka ji daga bakin iyaye shi ne daga Afirka aka kawo ta cikin jirgin ruwa. A Diu kusan kowane abu haka labarinsa yake. Ta ruwa ya zo, ko kuma ta ruwa ya tafi.

Garin ƙarami ne. A ƙidayar 2011 mutanen cikinsa ba su cika 24,000 ba, gundumar baki ɗaya kuma, da ƙauyukanta, mutum 52,074 ne a kan fili da bai wuce murabba'in kilomita 40 ba. Harshen gida da na kasuwa Gujarati ne. Abincinsu na Gujaratawa ne, aurensu da 'yan uwansu na tsallake yake haɗuwa, kuma ta ƙasa ba ka da hanyar shiga garin sai ka ratsa jihar Gujarat. Duk da haka Diu ba ya cikin Gujarat. Gwamnatin tarayya ce ke riƙe da shi kai tsaye daga Delhi, hedikwatar yankinsa kuma tana Daman, tafiyar ɗaruruwan kilomita a mota, sai an zagaye mashigin tekun Khambhat. Dubban 'ya'yan garin fasfon Fotugal ke aljihunsu, kuma mata sun fi maza yawa a ƙasar da aka saba ganin akasin haka. Waɗannan abubuwa ba kowanne da dalilinsa daban ba. Jijiyarsu ɗaya ce, kuma tana komawa ga wata yarjejeniya da wani sarki a firgice ya sa wa hannu a 1535.

Sai an fara duban ƙasar kafin a gane abin da ya sa aka yi ta zubar da jini a kanta. Sunan Diu ya fito ne daga kalmar Sanskirit dvipa, wato tsibiri. Yana manne da ƙarshen kudancin yankin Saurashtra, wanda ake kuma kira Kathiawar, wani siririn ruwa mai cika da janyewa ne kawai ya raba shi da tudu. Tsawonsa bai kai kilomita 15 ba, faɗinsa wajen uku. Arewacinsa fadamar gishiri ce da taɓo, kudancinsa dutsen farar ƙasa da rairayi masu fuskantar Tekun Larabawa. Garin kansa yana can ƙuryar gabas, ƙauyen masunta na Vanakbara yana ƙuryar yamma, unguwar Ghoghla kuma tana tsallaken ruwa a kan tudu, gada ta haɗa su. Ruwan sama kaɗan ne, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasar kuma ba ta noman kirki ba ce. Wanda zai dogara da fartanya a Diu ba zai ci da iyali ba.

Arzikin wurin yana cikin inda Allah ya ajiye shi. A zamanin jiragen da iska ke turawa, fatake daga Adan, Jidda, Hurmuz da gaɓar Afirka ta Gabas suna bin iskar damina su zo Indiya, su jira ta juya su koma. Babbar kasuwar Gujarat a lokacin ita ce Khambhat, can cikin mashigi mai yashi da igiyar ruwa mai haɗari ga manyan jirage. Diu yana bakin wannan mashigi, yana da matsaya mai kariya tsakanin tsibiri da tudu. Saboda haka jirgin da ya ɗauko dawakin Larabawa, zinariya ko hauren giwa, da wanda zai fita da yadin Gujarat, baba da kayan yaji, duk sukan ratsa ta gabansa. Wanda ya riƙe Diu ya riƙe ƙofar gidan, ko da ba shi da ɗaki a ciki.

Tun kafin Turawa baƙi ke sauka a nan. Majusawan da suka baro Farisa bayan zuwan Musulunci, waɗanda jikokinsu ake kira Parsi a yau, tarihinsu na gado ya ce a Diu suka fara yada zango, suka yi shekara 19 kafin su ƙarasa Sanjan. Amma tashen garin na gaske ya zo ne a ƙarƙashin daular Musulunci ta Gujarat, zamanin Sarki Mahmud Begada, wanda ya naɗa wani bawansa, Malik Ayaz, hakimin Diu. Ayaz ya san abin da ke hannunsa. Ya ƙarfafa ganuwa, ya sa sarƙa a bakin matsayar jirage, ya kyautata wa fatake har suka riƙa fifita Diu a kan sauran tashoshi. A hannunsa garin yake lokacin da Turawan Fotugal, waɗanda suka zagayo Afirka suka iso Indiya a 1498, suka fara tare jiragen Musulmi a teku.

Abin ya taɓa Masar ƙwarai, domin kayan yajin Indiya ta Bahar Maliya suke bi zuwa Iskandariya, kuma kuɗin fitonsu ne ƙashin bayan baitulmalin daular Mamluk da ke mulkin Masar. Sarki Ƙansuh al-Ghuri ya aiko da jiragen yaƙi ƙarƙashin Amir Husaini al-Kurdi. Da taimakon Malik Ayaz suka ci Turawan a tashar Chaul da ke gaɓar yammacin Indiya a 1508, aka kashe Lourenço, ɗan wakilin Sarkin Fotugal Francisco de Almeida. Uban ya taso da jirage ƙasa da ashirin don ɗaukar fansa, ranar 3 ga Fabrairu 1509 kuma ya tarwatsa rundunar Masar da ta Gujarat da ta Kalikut a bakin Diu. Masana tarihi da yawa suna lissafa wannan rana a matsayin mafarin rinjayen Turawa a Tekun Indiya. Sai dai Almeida bai karɓi garin ba. Ayaz ya nemi sulhu, ya mayar da fursunonin Chaul, Diu ya ci gaba da zama na Gujarat. Bayan haka Turawan sun yi ta nema, da lallashi da barazana. A 1531 gwamnansu Nuno da Cunha ya zo da babbar runduna ya yi ta ruwan igwa, ya koma hannu rabbana.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin garin: abin da igwa ta kasa ƙwata cikin shekara 26, rikicin cikin gida ya miƙa shi cikin 'yan watanni. A 1535 Humayun, sarkin daular Mughal ta arewacin Indiya, ya afka wa Sarkin Gujarat Bahadur Shah. Bahadur ya sha kashi, ya gudu daga Mandu zuwa Champaner, daga nan zuwa Khambhat, har teku ta tare shi a Diu. Ya tura iyalinsa da dukiyarsa Makka, ya aika neman agaji wurin Daular Usmaniyya, amma Istanbul da nisa, Humayun kuwa yana bayansa. Waɗanda ke kusa su ne Turawan da ya riga ya bai wa tashar ruwan Bassein a ƙarshen 1534. A watan Oktoba 1535 ya yarda su gina sansani a ƙuryar tsibirin, su kuma su taimake shi a kan Mughal. A bisa yarjejeniyar, gari da kuɗin fito suna nan a hannun sarki, fili kawai aka ba baƙo.

Sarakuna biyu Musulmi ne suke faɗa, Bature kuma ya kwashe ganima. Taimakon da Turawan suka bayar bai taka kara ya karya ba. Abin da ya janye Humayun daga Gujarat shi ne rikicin 'yan uwansa da tashin abokin gabarsa Sher Khan a gabas. Da ƙura ta lafa, Bahadur ya waiwayo ya ga ganuwar dutse ta tashi a bakin tashar da ta fi kowace kawo masa kuɗi. Ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Ya fara neman hanyar fitar da su, su ma sun san haka. A watan Fabrairu 1537 ya je ganawa da Nuno da Cunha a cikin jirgi a gaban Diu, rigima ta tashi a kan hanyar komowa, sarki ya mutu a ruwa. Marubutan Fotugal da na Gujarat kowa ya ɗora wa ɗaya laifin cin amana. Abin da ba a jayayya a kai shi ne wanda ya ci riba.

Sau biyu aka yi yunƙurin gyara kuskuren. A 1538 agajin da Bahadur ya nema ya iso, bayan ya riga ya mutu: Sulaiman Pasha, gwamnan Usmaniyya a Masar, ya taso daga Suez da jirage fiye da 70. A hanya ya kama Adan ya rataye sarkinta, labarin kuma ya riga shi isa Gujarat, saboda haka waɗanda ya zo taimako suka riƙa yi masa kallon wanda zai iya zama sabon ubangida. Turawa wajen 600 ƙarƙashin António da Silveira suka jure wata biyu, har saura 'yan kaɗan masu iya riƙe makami, sai Pasha ya kwashe ya tafi a farkon Nuwamba. Ya bar manyan igwoyi a baya, wasu daga cikinsu suna nan har yau a ganuwar Uparkot da ke Junagadh. A 1546 Gujarat ta sake gwadawa da kanta, ƙarƙashin Khwaja Safar. An yi wata bakwai ana gwabzawa, dutsen igwa ya kashe Safar, ɗansa ya ci gaba, har gwamna João de Castro ya zo daga Goa, hedikwatar Fotugal a Indiya, ya karya su a watan Nuwamba. Daga nan aka sake gina sansanin da ƙarfi fiye da da, kuma cikin shekarun 1550 tsibirin duka da kuɗin fitonsa suka koma hannun Fotugal. Suka zauna har 1961, shekara 426 daga ranar da aka ba su aron fili.

Yadda suka ci moriyar wurin yana da sauƙin fahimta. Kowane jirgin fatake sai ya sayi takardar izini da suke kira cartaz, kalmar da ake dangantawa da ƙirɗasi na Larabci, sannan ya biyo ta Diu ya biya fito. Wanda aka kama babu takarda, jirgi da kaya sun zama ganima. Har jiragen alhazai masu zuwa Jidda ba su tsira daga wannan ba. Cikin ƙarni na 16 Diu yana cikin tashoshin da suka fi tara wa Fotugal kuɗi a Asiya baki ɗaya.

A nan ne kuma amsar wata tambaya take: me ya sa bayan mulkin Turawa na fiye da shekara 400 garin bai canza harshe ko addini ba? A tsofaffin yankunan Goa an rushe wuraren bauta, an matsa wa mutane su shiga Kiristanci. A Diu an gina coci-coci, mafi shahara ita ce ta Saint Paul da limaman Katolika 'yan Jesuit suka gina a farkon shekarun 1600, amma matsin bai kai na Goa ba. Dalilin kuɗi ne. Fiton da ake tarawa daga attajirai mabiya addinin Hindu da na Jain yake fitowa, waɗanda ake kira Baniya, da kuma fatake Musulmi, kuma tudu yana nan ƙetaren ruwa kaɗan. Idan aka takura musu za su kwashe jarinsu su tsallaka, a bar Bature da ganuwa babu abin tsaro a ciki. Saboda haka Turawa suka zauna a sansani da unguwarsu, gari ya ci gaba da Gujaratinsa. Yau fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanen gundumar Hindu ne, Musulmi wajen kashi 6, Kiristoci kuwa 'yan gidaje ne. Cocin Saint Thomas ta zama gidan tarihi. Wani gaurayayyen harshen Fotugal da ya tsiro a garin ya kusa ɓacewa, sai a bakin tsirarun iyalai.

Tashen bai daɗe ba. Sarkin Mughal Akbar ya ci Gujarat a 1573, Surat ta zama babbar tashar Mughal, Ingilishi da Holandawa suka zo suka karya ikon Fotugal a teku, daga baya Bombay ta shanye kowa. A 1668 Larabawan Oman suka faɗa wa Diu suka washe garin. Abin da ya ceci attajiransa shi ne Afirka. A 1686 hukumar Fotugal ta ba ƙungiyar Baniyan Diu ikon cinikin da ke tsakanin garinsu da Mozambik, su kai yadi, su dawo da hauren giwa da zinariya. Bayi ma sun bi wannan hanya, kuma har yau akwai Siddi, Indiyawa masu asalin Afirka, a Diu da ƙauyukan da ke kusa da dajin Gir. Bayan attajirai sai magina, kafintoci, masu ɗinki da matuƙan jirgi suka bi sahu. Nan aka kafa al'adar da ta zama halin garin: namiji ya tafi ƙetare neman kuɗi, mace ta riƙe gida, ya dawo bayan shekaru ya yi gini.

Indiya ta sami 'yanci a 1947, amma gwamnatin Fotugal ta Salazar ta ƙi sakin Goa, Daman da Diu, tana cewa sassan Fotugal ne ba mulkin mallaka ba. Ranar 18 ga Disamba 1961 sojojin Indiya suka shiga. A Diu an yi faɗa na gaske, da jiragen sama da na ruwa, washegari 19 ga wata Turawa suka miƙa wuya. Mai hankali zai zaci sai a haɗa garin da jihar Gujarat, wadda aka kafa a 1960 a kan tushen harshe. An ma tambayi mutanen a ƙuri'ar jin ra'ayi ta Janairu 1967, suka zaɓi zama daban. Ba na ganin wannan a matsayin ƙin 'yan uwa. Ƙaramin gari da ke da hukumarsa da kasonsa daga tarayya ya san cewa in ya shiga babbar jiha zai zama ƙarshen wata gunduma da ba a tunawa da ita. Da Goa ta zama jiha a 1987 sai aka bar Daman da Diu tare, a ranar 26 ga Janairu 2020 kuma aka haɗe su da Dadra da Nagar Haveli, wani yanki da shi ma Fotugal ta taɓa riƙewa. Farashin wannan zaɓi shi ne ba su da majalisar dokoki tasu. Kantoma ne da Delhi ke naɗawa yake mulki, kuma kujera ɗaya suke rabawa da Daman a majalisar wakilai ta ƙasa.

Ranar 19 ga Disamba 1961 ba ta tsaya a littafin tarihi ba, tana aiki a rayuwar iyalai. Bayan juyin mulkin Lisbon na 1974 Fotugal ta amince da ikon Indiya, amma dokarta ta ci gaba da ɗaukar wanda aka haifa a yankunan kafin wannan rana a matsayin ɗan ƙasa in ya yi rajista, kuma 'ya'ya da jikoki suna iya bin sahu. Da Mozambik ta sami 'yanci a 1975, iyalan Diu da yawa da ke can suka wuce Lisbon. Da Fotugal ta shiga ƙungiyar da ta zama Tarayyar Turai a 1986, fasfonta ya zama mabuɗin ƙofofi da yawa, sai kwararar ta juya zuwa Ingila, musamman Leicester da unguwar Wembley a Landan, inda Gujaratawa suka riga suka kafu. Ɗan masunci daga Ghoghla ko Fudam ya tono takardar haihuwar kakansa, ya sami fasfon ƙasar da bai taɓa gani ba, ya tafi aikin masana'anta a wata ƙasa ta uku. Indiya ba ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu ba, don haka duk wanda ya karɓi na Fotugal ya rasa ƙuri'arsa a garin da aka binne cibiyarsa. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, wadda ta kammala a ƙarshen 2020, ta rufe wannan ƙofa ga masu tasowa, amma waɗanda suka tafi sun tafi.

Alƙaluman ƙidaya suna nuna tabon. A 2011 Indiya baki ɗaya tana da mata 943 ga kowane maza 1,000. Gundumar Diu tana da 1,031. 'Yar uwarta Daman tana da 534 kacal, domin can masana'antu ne suka jawo maza 'yan ci-rani daga jihohin nesa. Yanki ɗaya, kantoma ɗaya, amma ɗaya gari ne da maza ke zuwa, ɗaya gari ne da maza ke bari. Wanda ya karanta 1,031 ya ce mata sun ji daɗi a Diu bai karanta daidai ba. Lambar tana ƙirga mazan da ba sa gida. Shi ya sa a ƙauyuka irin Fudam ake ganin manyan gidaje masu fenti, ƙofa a garƙame, sai lokacin sanyi da bukukuwan aure masu su ke zuwa su buɗe.

Baƙin da ke cika garin a ƙarshen mako daga tsallake suke zuwa. Gujarat ta haramta barasa tun kafuwarta, Diu kuwa ba ya ƙarƙashin dokar, saboda haka mashaya suka yi yawa daga bakin gada. Ana samun kuɗi, amma ban ga abin alfahari ba a ce garin da dauloli uku suka yi yaƙi a kansa yau an fi saninsa da kwalba. Akwai abin da ya fi wannan kyau a faɗa: ganuwar da ke tsaye da igwoyinta, ƙaramin sansanin Panikotha a tsakiyar ruwa, abin tunawa da jirgin yaƙin Indiya mai suna Khukri da jirgin ƙarƙashin ruwa na Pakistan ya nutsar a kusa da nan ranar 9 ga Disamba 1971 da mutum 194, da kuma tashar hasken rana da ta sa a 2018 aka ayyana cewa wutar lantarkin da garin ke sha da rana duka daga hasken rana take fitowa.

Waɗanda ba su da takardar kaka kuwa, teku ce ta rage musu. Masunta 'yan ƙabilun Kharwa da Koli na Vanakbara da Ghoghla suna fita su a jiragen inji, su yi sati biyu ko fiye ba su ga tudu ba, sai damina ta tilasta a ɗaure jirage. Kifi ya ragu a kusa, don haka suke ƙara nausawa arewa maso yamma, wajen mashigin Sir Creek inda Indiya da Pakistan ba su gama shata iyakar ruwa ba. Can ne jami'an tsaron ruwan Pakistan ke kama su, kamar yadda na Indiya ke kama masuntan Pakistan. Jirgi ya tafi ke nan, mutum kuma ya zauna kurkuku a Karachi, sau da yawa fiye da wa'adin da aka yanke masa, yana jiran ranar da ƙasashen biyu za su yi musayar fursunoni. In ranar ta zo, ba ta teku ake maido shi ba. Ana kai shi iyakar Wagah can Punjab, a sa shi a jirgin ƙasa zuwa Gujarat, a tantance shi a Veraval, sannan mota ta kawo shi ta kan gada zuwa wurin matar da ta yi shekarun tana sayar da kifi a kasuwa tana ciyar da yara.